Ƙasa Tana Gumi

Na haƙa ɗaki ƙarƙashin shagona a Garwa,
matakala tara, kana sauka zafi ya sake ka.
Don atamfa na yi shi, kada rana ta shanye mata launi,
don ni ma in miƙe ƙafa idan bazara ta tsananta,
kwalta na narkewa, ƙadangare na neman inuwa.
Bango ya tashi, rufi ya zauna,
saura abin da ƙafa za ta taka.

Hamajoda kafinta ya ce katako.
Ya shafi allon kamar mai lallashin jariri:
"Taka ka ji, ba sanyi, ba ƙara."
Na ce, gara fa?
Ya yi dariya, ya gyara fensir a bayan kunne.

Azumi, uwar 'ya'yana, leda take so mai zanen fure,
irin ta ɗakin ƙanwarta a Marwa,
shafa ɗaya da tsumma ta yi ƙyalli.
Sabi'u ya ce kafet, ja, mai nutsar da dunduniya.
Mai tayil a kasuwa ya jera mini kala goma sha biyu,
da ya faɗi kuɗi
na ji sefa ta ƙanƙance a aljihuna.

Mako uku ana jan magana.
Kowa da bakinsa. Ɗakin bai ce komai ba.

Sai Inna Dudu, wadda gwiwa ta hana sauka,
ta zauna a matakalar farko tana leƙen duhu.
Ita ta daɓe rabin ɗakunan unguwarmu da ƙuruciya,
da maɗabi, da ruwan makuba, har tafinta ya yi kanta.
Ta ce, "Kun tambayi kowa ban da mai ɗakin."
Na ce, ai ni ne mai ɗakin.
Ta ce, "Kai ɗan haya ne.
Kifa tasa a ƙasa, ka dawo da asuba."

Na kifa, ina jin kunyar kaina.
Da asuba na ɗaga ta:
cikinta ya jiƙe, ɗigo bayan ɗigo,
kamar goshin ɗan dako.
A watan Maris! Ko gizagizai babu,
kogi ya janye ya bar wa yara rairayi,
ashe Binuwai yana nan ƙarƙashin tafin ƙafata
yana numfashi a hankali.

A nan katako ya faɗi, zai sha ya kumbura.
Leda za ta rufa wa ruwa asiri har ya ruɓar da ita.
Kafet kuwa, damina ɗaya,
warinsa zai kori mai ciniki tun daga titi.

Na kira Bakari magini.
Tsakuwa kamu ɗaya, ya dandaƙe ta,
ya shimfiɗa baƙar roba mai kauri, ya naɗo bakinta jikin bango,
sannan siminti, da ɗan gangare zuwa kusurwar yamma
inda ya bar rami girman tulu.
A sama tayil mai kaushi, launin ƙasa,
wanda ba ya kayar da mai jiƙaƙƙen takalmi.
Ba shi da kyau. Azumi ta faɗa mini har sau uku.
Na sayo mata tabarmar kaba,
abin da za a iya naɗewa a kai wa rana.

Agusta ta zo, aka kwana uku ana ruwa.
Na sauka da tocila, gabana na faɗuwa.
Ya shigo, siriri kamar zare,
ya bi gangaren, ya kwanta a raminsa.
Atamfa na bisa kanta, ko gefenta bai taɓa ba.
Bokiti biyu na kwashe.

Daga sama Inna ta ce, "Ya zo?"
Na ce, ya zo.
Ta ce, "To. Baƙon da aka yi wa masauki
ba ya kwana a gadon mai gida.
Hawo mini da tasata, zan zuba goro."